Fosta Ta Yi Kyau, Amma Ina Lanƙwasar?

Duk wanda ya ga zamanin kaset a Jega, Aliero ko Maiyama ya san fosta ce ke fara sayar da fim. A shekarun 2000, da zarar kaya sun iso daga Kano, sai samari su yi cincirindo a bakin shagon haya suna kallon fuskokin su Ali Nuhu da Fati Mohammed. An goge fuska da Photoshop ta yi sumul, an rangaɗa sunan fim da CorelDraw cikin rubutu mai kama da na hannu, har da inuwa da ƙyalli.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Yawancin haruffan adon nan Turawa suka zana su, babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. In mai haɗa fosta ya rasa, sai ya maka k kawai. Ka ga in sunan fim "Ƙarya" ne, ya koma "Karya", wato macen kare!

Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu lanƙwasa, Rabi'at da Abdalla. Yau fosta ta koma waya da YouTube, matasa na haɗa ta da Canva, amma ciwon na nan.

Maganin ba wuya. Kafin a zaɓi salon rubutu, a buga "ƙauna", "ɗa" da "ɓarawo" a gani. In lanƙwasa ba ta fito ba, a sauya salo. Furodusan da ya zuba kuɗinsa bai cancanci a ɓata masa sunan fim ba.