Amfani da Guntayen Lokaci

Babu kukan da aka fi ji a makaranta, daga ɗalibai har malamai, kamar "ba ni da lokaci". Ɗalibi ya tashi da asuba, ya ɗebo ruwa, ya yi shara, ya zauna a aji har azahar, da yamma kuma ga wasanni ko aikin gona. Malami kuwa ga shirin darasi, ga duba littattafai, ga hidimar iyali. Gaskiya ne aikin yana da yawa. Amma idan muka lura, tsakanin wannan aiki da wancan akwai 'yan mintoci da suke zubewa ba wanda ya kula da su. Su ne guntayen lokaci, kuma a kansu wannan bayani zai tsaya.

Ina ake samun su?

Ana samun su a layin rijiyar burtsatse, da lokacin da aka kaɗa ƙararrawa malami bai shigo ba tukuna, da jiran rabon abinci, da jiran niƙa a wurin inji. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Kiyako yana jiran motar Birnin Kudu, ko ya zauna cikin mota a tasha yana jira ta cika, ya san yadda rabin awa ke wucewa a banza.

Bari mu yi lissafi. A ce ɗalibi ya tsinci minti 10 sau uku a rana, minti 30 ke nan. A kwana biyar na karatu ya sami minti 150. A zango ɗaya mai mako 13 ya tara minti 1,950, wato awa 32 da rabi. Idan darasi ɗaya minti 40 ne, wannan ya kai darasi 48 har da ɗoriya. Ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Iyayenmu sun riga mu sani

Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasarmu. Ku shiga kasuwar Sara ta Gwaram ko ta Birnin Kudu, ku dubi ɗan tireda da ke ɗinkin hula. Mai saye ya zo ya ajiye allura, ya tafi ya ɗauka. Haka makiyayi yake tufkar igiya a gindin itace yana duban dabbobinsa. Haka kakanninmu mata suke kaɗin zare da mazari ko ɗinkin faifai, tukunya na kan murhu. Ba wanda ya ba su ranar hutu don wannan aiki, amma hula ta ƙare, faifai ya shiga kasuwa.

Abu uku ne asirin mai ɗinkin hula. Na ɗaya, kayan aikinsa suna cikin aljihunsa duk inda ya je. Na biyu, an riga an fitar da zanen a kan ƙyallen, saboda haka ba ya ɓata lokaci yana tunanin abin da zai yi. Na uku, aikin irin wanda ake iya ajiyewa ne a sake ɗauka ba tare da ya lalace ba. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya gama fahimtar darasin nan.

Misali daga mutanen da suka shahara

A shekarar 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista a 1957, yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu malaman makaranta ne masu aji da yara a hannu, amma ba su ce sai ranar da aiki ya ƙare ba. Har yau ana karanta littattafan nan.

A ƙasar waje kuma akwai David Livingstone, wanda aka haifa a 1813 a garin Blantyre na ƙasar Sikotilan. Yana ɗan shekara 10 ya shiga aiki a masaƙar auduga, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare. Sai ya riƙa jingina littafi a jikin injin kaɗi, duk zuwa da dawowa ya kama jimla ɗaya ya wuce. Da dare kuma ya tafi makarantar yamma. Da haka ya yi karatu har ya zama likita a 1840, ya zo Afirka a 1841. Wanda ya yi karatu cikin ƙarar inji, me zai ce da mu masu inuwar darbejiya?

Me masana suka gano?

Wani zai ce minti 10 ba su isa a koyi kome ba. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon bincikensa a kan tunawa da mantuwa a 1885. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, daga nan sai ta ragu. Ya kuma gano cewa abin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, maimaitawa 38 kawai ta ishe shi idan ya rarraba ta cikin kwana uku. Ma'ana, bita kaɗan-kaɗan a lokuta dabam-dabam ta fi zama a kai bisa ga haɗiyar kome a dare guda. Kamar shuka ce: guga ɗaya kullum ya fi mata guga 30 a rana ɗaya. Ɗalibin da ya bar karatu sai daren jarrabawar WAEC ko NECO ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda za a yi

1. Ku yanka aikin tun da dare. Kafin ku kwanta, ku rubuta ƙananan abubuwa uku da kowanne bai wuce minti 10 ba. Misali, sababbin kalmomin Turanci biyar, ko ƙa'idar lissafi ɗaya, ko shekarun tarihi kamar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

2. Ku riƙe ɗan littafin aljihu da fensir. Ragowar shafukan tsohon littafin rubutu sun isa, a yanka a ɗinke da zare. Ku rubuta tambaya a gaban shafi, amsa a bayansa.

3. Ku tambayi kanku kafin ku duba amsa. Ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi amfani. Abokai biyu a layin ruwa suna iya yi wa juna tambayoyi.

4. Ku daidaita aiki da wuri. A inda ake surutu, a yi hadda da bita. A inda hannu ke aiki, kamar wanki ko ɓarar gyaɗa, a yi tilawa da ka.

5. Malamai ma haka. Tsakanin darasi da darasi ana iya duba littafi biyar, ko cika rajista, ko kiran yaron da aka ga ya yi shiru a tambaye shi lafiya. Ga masu son karatun Littafi Mai Tsarki, Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya a rana, kafin wata tara an sauke.

Gargaɗi

Ba kowane aiki ne yake shiga guntun lokaci ba. Rubuta insha'i ko warware doguwar matsalar lissafi suna bukatar zama da natsuwa, don haka a bar su ga lokacin karatun dare. Guntun lokaci ƙari ne, ba ya maye gurbin babban zama.

Haka kuma kada a saci lokacin wani a kira shi guntu. Ɗalibin da ke haddar tarihi alhali malamin kimiyya na bayani ya yi asara biyu, gama ba a cin taura biyu a baki ɗaya. Ma'aikacin da ya bar mutane a layi yana karatunsa ya ci amana. Kuma gaisuwa, da taimakon tsoho ɗaukar kaya, da hutawa in an gaji, ba ɓata lokaci ba ne. Jikin da bai huta ba ba ya riƙe karatu.

A ƙarshe a yi hattara da wayar hannu. Ita ce babbar mai cinye guntayen lokaci a yau, domin kullum tana aljihu, kullum a shirye take. Mutum ya ce bari ya duba minti ɗaya, kafin ya ɗaga kai mota ta cika. In za a ɗauke ta, a san abin da za a yi da ita tun kafin a ɗauka.

Kammalawa

Ɗalibin Kiyako da na Legas da na Landan awa 24 kowa yake samu a rana, ba a ƙara wa kowa ko minti ɗaya ba. Bambancin yana ga abin da kowa ya yi da ragowar da ke faɗuwa tsakanin ayyuka. Saboda haka ina roƙon kowane ɗalibi, musamman 'yan ajin ƙarshe, ya ɗinka littafin aljihunsa a makon farko na sabon zango, ya gwada har ƙarshen zangon, sa'an nan ya dubi sakamakonsa. Allah ya ba mu hikimar amfani da kwanakinmu, amin.