Sanya Soket Na Cajin Salula A Jikin Babur: Abin Da Ya Kamata A Sani

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, neman wurin caji ya zama wani aiki na kullum. Mazauna Yola da Jimeta, waɗanda kamfanin raba wutar lantarki na Yola ke bai wa wuta, sun san yadda ake wuni ba a ga ƙyallinta ba, balle mutanen ƙauyukan Fufore da Girei da Mayo Belwa, inda wasu garuruwan ko turakun lantarki ba su kai ba. Saboda haka masu babur da yawa, da direbobin Keke Napep da suka cika titunan Jimeta, suka koma sanya soket a jikin abin hawansu domin su yi caji suna tafe. Dabara ce mai kyau, kuma kayanta ba su da tsada. Amma aikin yana da ƙa'ida, wanda kuwa ya saɓa mata yana iya rasa batir, ko salula, ko babur ɗin dungum. Domin kauce wa ruɗani, a wannan bayani kalmar "waya" tana nufin wayar da wuta ke bi, ita kuwa ta magana an kira ta salula.

Batirin babur da na Keke Napep suna ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, idan kuwa inji yana aiki takan hau zuwa wajen bolt 14. Salula bolt 5 take bukata ta hanyar USB. Watau ba a haɗa ta da batir kai tsaye. Soket ɗin da ake sayarwa domin babur yana da 'yar na'ura a cikinsa wadda ke sauko da wutar zuwa bolt 5, ta kuma riƙe ta a nan ko da inji ya yi gudu ko ya lafa. Ingancin wannan na'ura shi ne bambancin soket nagari da na jabu, ba kyan robarsa ba. Lalle ne mai saye ya duba rubutun da ke jikinsa, ya tabbata an nuna wutar da yake karɓa da wadda yake fitarwa, ya kuma zaɓi mai murfin roba.

Inda za a ɗauko wuta

Nan ne akasari ake yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura wayoyin soket a kan batir kai tsaye, ita ce kuma masu gaggawa suka fi bi. Illarta ita ce soket ba ya barci. Ko ba a jona kome ba, na'urar cikinsa da 'yar fitilarsa suna tsotsar wuta dare da rana, har babur ɗin da aka ajiye mako ɗaya ko biyu ya ƙi tashi. Batirin ƙaramin babur kuwa ba wani abin kirki yake ɗauka ba. Wanda aka rubuta wa 5Ah, alal misali, idan ya cika fal wutar da ke cikinsa ba ta wuce ta cika babbar salula ta zamani sau uku ba. Saboda haka wanda ya kashe inji a bakin kasuwar Jimeta, ya jona salularsa da ta maƙwabcinsa, ya zauna hira, kada ya yi mamaki in sitata ta ƙi amsawa. Batirin irin wannan kuma, in ana yawan zuƙe shi ƙarƙaf, ba ya daɗewa.

Abin da ya fi shi ne a ɗauko wuta daga wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, irin wadda ke kai wa oda ko fitilar birki. Da an zare makulli soket ya mutu. Idan ana son a ƙara tsaro, sai a sa rile, wanda makulli zai riƙa kunnawa, shi kuma ya jawo wuta daga batir ta waya tata daban, don kada a ɗora wa tsofaffin wayoyin babur nauyin da ba a yi su dominsa ba. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, ko ɗan makunni ya sa tsakanin batir da soket, muddin zai tuna ya kashe.

Wayar fitilar gaba kam a yi nesa da ita. A ƙananan babura da yawa wannan fitila ba daga batir take sha ba, daga kwayil ɗin inji take sha, shi ya sa haskenta ke ƙaruwa in an ba da wuta, ya dushe in an sassauta. Irin wannan wuta mai kai da komo ce, soket kuwa wuta mai tafiya hanya ɗaya yake so. Haka nan kada a dogara ga launin waya. An saba ɗauka cewa baƙar waya ita ce ta ƙasa, amma a yawancin baburan Honda da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, koriya ce ta ƙasa, baƙa kuwa ita ke ɗauke da wutar makulli. Mai gyaran wutar babur na ƙwarai mita yake sawa ya gwada, ba ya cinta.

Akwai kuma masu hawan babur ba batir, ko da mataccen batir, tun da kik yana tayar musu da inji. Batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi, in babu shi sai tsallen ya faɗa kan soket. A gyara batir tukuna. Lafiyayye yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita in inji na kashe. In kuwa an tayar da inji ya haura bolt 15, ragileta ta lalace, ita ce farkon abin canzawa.

Fis

Ba a sanya soket ba tare da fis ba, ko da mai sayarwa ya ce ba kome. Batirin babur ƙarami ne, amma in wayar wuta ta goge ta taɓa ƙarfen babur, wutar da za ta kwarara ta isa ta mai da wayar jawur cikin ƙiftawar ido, ga shi kuwa wayoyin ta ƙarƙashin tankin mai suke bi. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Salula ɗaya abin da take ja daga batir bai cika wuce amfiya 1 ko 2 ba, don haka fis mai amfiya 3 zuwa 5 ya wadatar. A sa shi a kan wayar wuta, dab da inda aka ɗauko ta, domin duk tsawon wayar da ke bayan fis ne kaɗai ke da kariya. In ya ƙone, akwai dalili, a nemo shi. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fis daidai take da cire shi baki ɗaya.

Wajen aikin kansa, a fara kwance kan batir mai alamar ragewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. In ba haka ba, sifana na iya haɗa ɗaya kan da jikin babur, tartsatsi ya tashi. Kada a murɗa wayoyi da hannu a naɗe da leda. Girgizar hanya za ta warware su. A like su da dalma ko a matse da mahaɗi, sa'an nan a rufe da baƙin salatif na lantarki. A bi da wayar gefen sauran wayoyin babur, nesa da inji da salansa, a ɗaure ta wuri wuri. A wuyan babur a bar mata sarari, a juya kan dama da hagu har ƙarshe a ga ba ta ɗame ba, ba ta kuma matse ba.

Yanayin kwarin Binuwai yana da nasa sharaɗi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan wuce digiri 40, salula kuma tana ƙara zafi in tana caji. In aka haɗa mata da rana a kan babur, batirinta yakan kumbura ko ya rage ƙarko, don haka a sa ta cikin inuwa inda iska ke ratsawa. Da damina ruwa ne abokin gaba, da hunturu ƙura. A kafa soket bakinsa na duban ƙasa, a rufe murfinsa in ba a aiki da shi, a kuma rufe shi kafin a wanke babur. Wanda ya ratsa ruwa mai zurfi, irin wanda ya malale unguwannin bakin kogi a ambaliyar 2012 da ta 2022, ya bari soket ya bushe sarai kafin ya jona kome.

Dokar hanya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ke aiwatarwa tun kafa ta a 1988, ta hana amfani da salula ana tuƙi, kuma mai babur yana cikin waɗanda ta shafa. Soket na caji ne kawai. In kira ya shigo, a gangara gefen titi a tsaya, sa'an nan a amsa.