Ɗinkin haɗin ƙyallaye

Ɗinkin haɗin ƙyallaye wani nau'in ɗinki ne da ake yanka yadudduka daban-daban ƙanana-ƙanana, sannan a haɗa su baki da baki har su zama babban yadi guda mai zane. Da shi ake yin bargo, da shimfiɗar gado, da rigar matashi ko kushin, da jaka, wani lokaci har da tufafi. An fi sanin sana'ar da Birtaniya da Amurka, inda ta bunƙasa sosai a ƙarni na 18 da na 19, amma ana samun irinta a Asiya da Afirka tun da daɗewa. Abin da ya raba ta da tara tsummoki kawai shi ne tsari: mai ɗinkin yakan yanke shawarar inda haske zai zauna da inda duhu zai zauna kafin ya sa almakashi, kuma yakan auna kowane ƙyalle daidai.

Suna

A Hausa wasu kan ce "faci-faci". Kalmar faci ararriya ce daga Ingilishi, kuma ita da takwararta ta asali, wato maho, duka suna nufin rufe ɓula ko yagewa a jikin abin da ya riga ya wanzu. A wannan ɗinkin kuwa babu ɓular da ake rufewa, ƙyallayen su ne yadin gaba ɗaya. Shi ya sa "haɗin ƙyallaye" ya fi kama ma'anar.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Haɗa ƙyallaye daban ne, ɗinke bargo mai hawa uku kuma daban. Irin wannan bargo, wanda Turawan Ingila ke kira quilt, yana da fuska a sama, da auduga ko ulu a tsakiya, da shafi a ƙasa, sai a bi su da ɗinki don kada audugar ta taru wuri guda. Sunan ya shigo Ingilishi ta tsohon Faransanci daga kalmar Latin culcita, wadda ke nufin katifa ko matashi. Ana iya samun bargo mai hawa uku wanda fuskarsa yadi ɗaya ce, ana kuma iya samun haɗin ƙyallaye da ba a sa masa auduga ba.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da suka saura shi ne wata rumfar fata da aka yi don jana'izar wata 'yar gidan sarauta a Masar wajen shekara ta 980 kafin haihuwar Annabi Isa. An haɗa ta ne da guntayen fata da aka rina launi-launi. A Asiya, malaman addinin Buda sun daɗe suna sa mayafi da aka haɗa da guntayen yadi don nuna gudun duniya. Mutanen Sindh a Pakistan suna da bargon ralli, Koriyawa kuma suna da jogakbo, wani ƙyallen naɗe kaya da mata ke haɗawa da ragowar yadi.

A Birtaniya, haɗin ƙyallaye mafi tsufa da ke ɗauke da shekarar yinsa shi ne wata shimfiɗar gado ta siliki da aka rubuta 1718 a jikinta, wadda take ajiye a birnin York. Kasancewarta ta siliki ya isa ya nuna cewa ba talauci kaɗai ya haifar da sana'ar ba. A wancan zamani yadin auduga mai fure da ake kawowa daga Indiya ya shiga ran Turawa ƙwarai, har masaƙan ulu da siliki na Ingila suka koka, majalisa ta yi doka a 1700 ta hana shigo da shi, ta ƙara wata a 1721 da ta hana sayar da shi da amfani da shi. Yadin ya yi wuya, don haka matan da suke da ɗan guntu sukan yanke furen ko tsuntsun da ke jikinsa su ɗinka a kan farin yadi. Sai da masana'antun Lankasha suka fara fitar da yadin auduga mai zane da araha ne sana'ar ta sauka gidajen talakawa sosai.

Wani bargo da ya shahara shi ne na jirgin ruwan Rajah. A 1841 matan da aka yanke wa hukunci a Birtaniya aka tura su tsibirin Tasmaniya ne suka ɗinka shi a cikin jirgin, da kayan ɗinkin da ƙungiyar Elizabeth Fry mai kula da fursunoni mata ta ba su. Yana da ƙyallaye 2,815, kuma yanzu yana gidan adana zane-zane na ƙasar Ostiraliya a Kanbera.

A Amurka ne aka fi raya tsarin gida-gida, wato a ɗinka murabba'i guda mai zane, a maimaita shi sau da yawa, sannan a jera. Hanyar ta dace da mai ƙaramin ɗaki, domin ana iya ɗinka gida ɗaya a kan cinya. Samuwar keken ɗinki a gidaje bayan 1850 ta ƙara saurin aikin. A lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 kuma, kamfanonin fulawa da abincin kaji suka riƙa zuba kayansu a buhunan auduga masu fure, mata na wanke su suna yin riguna da barguna.

Baƙaƙen fatar Amurka suna da babban kaso a wannan tarihi. Harriet Powers, wadda aka haifa a cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta bar barguna biyu masu hotunan labaran Baibul da aka yanka daga yadi, ɗaya yana Washinton, ɗaya yana Boston. Matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin, sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki, ba tare da bin ma'auni sosai ba. Nunin da aka yi wa aikinsu a Houston a 2002 ya sa masu sharhin zane suka ɗauke shi a matsayin fasaha, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunansu a kan sarki. Akwai labarin da ya yaɗu cewa bayi sun yi amfani da zanen barguna a matsayin alamar hanyar tserewa, amma masana tarihi ba su sami shaidarsa a rubuce-rubucen wancan zamani ba.

A Afirka

A Sudan, mabiya Mahadi sun fara da sa jibba mai maho irin ta sufaye don nuna talauci da gudun duniya. A zamanin Halifa Abdullahi, daga 1885 zuwa 1898, mahon ya koma ado mai tsari, ana ɗinka manyan ƙyallaye masu launi daidai da juna a dama da hagu, har jibbar ta zama kamar kayan sarki. A Sanagal, 'yan Baye Fall, reshen ɗariƙar Muridiyya da ke bin tafarkin Shehu Ibra Fall, an san su da riguna na haɗin ƙyallaye. A ƙasar Hausa misalin da ya fi kusa shi ne timtim, wanda dukawa ke haɗawa da yankakkun fatu masu launi, su kewaye tsakiyarsa kamar tauraro. Ragowar atamfa da ke taruwa a shagunan teloli ma ana haɗa ta a yi zanin gado, da jaka, da rigar kushin.

Tsara zane da zaɓen yadi

Mai koyo yakan ɗauka launi ne komai, alhali abin da ido ke fara gani daga nesa shi ne bambancin haske da duhu. Ja da kore launuka ne mabambanta, amma idan duhunsu ɗaya ne, aka jera su, zanen zai ɓace. Saboda haka masu sana'ar kan raba ƙyallayensu kashi uku: masu haske, matsakaita, da masu duhu. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a ɗauki hotonsu da waya a mayar da shi baƙi da fari, nan take za a ga waɗanda suka saje.

Zanen da ake kira "bukkar katako", wanda ya yaɗu a Amurka a shekarun 1860, ya fi kowanne nuna wannan. Ana sa ƙaramin murabba'i a tsakiya, bisa al'ada ja, wai shi ne murhun gida. Sai a riƙa kewaye shi da dogayen ƙyallaye, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu, har gidan ya rabu biyu a karkace. Gidaje iri ɗaya ne, amma yadda aka juya su wajen jerawa shi ke ba da kunya-kunya kamar gona, ko zobe cikin zobe, ko zikzak. Sauran sanannun zanuka sun haɗa da gida tara, wato murabba'i uku sau uku, da taurari iri-iri da ake ginawa da alwatika, da saƙar zuma mai kusurwa shida. Ita saƙar zuma da hannu ake yin ta: a yanka takarda daidai siffar, a naɗe yadi a kanta, a haɗa bakunan da allura, daga baya a zare takardar.

Girman furen yadi ma abin lura ne. Idan duka ƙyallayen masu manyan fure ne sai su yi ta kokawa da juna, don haka ake haɗa su da masu ƙananan ɗigo da kuma yadi mara zane, inda ido zai huta. Wannan ya fi shafar atamfa, wadda aka tsara zanenta don a gan shi a faɗin zani. In aka yanka ta inci biyu-biyu furen ya tafi, sai launi kawai. Gara a yanka ta da girma, ko a auna yankan yadda furen zai faɗo tsakiyar ƙyalle, ko da hakan zai ci yadi.

Yadin auduga mara kauri shi ya fi sauƙin aiki, domin yana karɓar guga kuma ba ya zamewa. Haɗa shi da leshi ko yadi mai talewa yakan kawo tattara. Ana wanke kowane yadi kafin yanka, saboda wani yana zuba, wani kuma yana tsukewa a wankin farko. Ja guda mai zuba ya isa ya ɓata farin bargo gaba ɗaya.

Awo da ɗinki

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar rubu'in inci, kimanin milimita 6, a kowane gefe don ɗinki. Wanda yake son murabba'i ya fito inci 4 zai yanka inci 4 da rabi. Guda tara irin wannan za su ba da gida mai inci 12 da rabi, wanda zai koma 12 idan aka haɗa shi da maƙwabtansa.

Kuskure a nan taruwa yake yi. Idan ɗinkin ya shige ciki da kashi ɗaya cikin 16 na inci kawai, kowace mahaɗa ta ci kashi ɗaya cikin 8, tunda ƙyalle biyu ne suka haɗu. A layi mai mahaɗa 24 an yi asarar inci 3 ke nan, kuma kusurwoyinsa ba za su haɗu da na layin da ke ƙasa ba. Shi ya sa ake manna alama a jikin keke a daidai rubu'in inci. Wuƙa mai faifai da ke juyawa, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979, ta sauƙaƙa yanka daidai, amma alli da almakashi da kwali mai siffar ƙyallen suna yin aikin.

Alwatika ta fi wahala, domin dogon gefenta a karkace yake da saƙar yadin, yana talewa da zarar an ja shi. Dabarar ita ce a ɗinka kafin a yanka. A kifa murabba'i mai haske a kan mai duhu, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a yi ɗinki a gefe biyu na layin, sannan a yanka a kan layin. Za a sami murabba'i biyu, kowanne rabi haske rabi duhu. Don ya fito inci 3, ana yanka inci 3 da kashi 7 cikin 8.

Bayan kowane ɗinki ana danna dutsen guga, ba a goga shi, a kwantar da bakin zuwa gefen yadi mai duhu don kada ya nuna. Layukan da za su haɗu ana kwantar da bakunansu ɗaya dama ɗaya hagu, yadda za su shige juna.

Idan fuskar ta kammala, sai a shimfiɗa shafi a ƙasa, a ɗora auduga, a ɗora fuskar, a kama su da fil ko ɗinkin wucin gadi. Ɗinkin da zai riƙe hawa ukun daga tsakiya ake fara shi zuwa gefe, don tattarar ta fita waje. A ƙarshe a naɗe bakin da dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi da aka ninka biyu.

Rigar kushin

Yawancin masu koyo da kushin suke farawa, tunda gida ɗaya ya isa. Ga matashi mai inci 18, murabba'i tara masu inci 6 da rabi za su ba da fuska daidai. Saboda kushin na shan zama da jingina, ana sa masa siririyar auduga da shafi a bayan fuskar, in ba haka ba bakunan ɗinkin za su zare daga ciki.

Bayan rigar ba dole sai da zif ba. Ana yanka ƙyalle biyu, kowanne inci 18 da rabi a tsawo, 13 a faɗi, a kalmashe gefe ɗaya na kowanne, a ɗora su yadda ɗaya zai hau ɗaya da kimanin inci 5. A kifa su a kan fuskar, a kewaye da ɗinki, a datse kusurwoyi, a juyo. Ta wannan bakin ake cusa matashin, ko na soso ne ko na audugar rimi, ta nan kuma ake cire shi ranar wanki. Wasu kan rage rigar da inci ɗaya a kan girman matashin don kusurwoyin su cika.