Amfanin Sassarfa Bayan Sallar Asuba

'Yan uwa ɗalibai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum. Mu a Karaye da Rogo ba sai da filin wasa ba, burtali da hanyoyin gona sun ishe mu. Da sassafe babu zafin rana, kuma turɓaya ta fi kwalta laushi a ƙafa.

Ku fara da minti 10, kuna ƙarawa a hankali, domin zuciya da huhu sai da maimaici suke ƙarfi. Ku jira gari ya waye, ku fita tare, da takalmi saboda ƙaya. Da damina a kula da macizai. A dawo kafin a buga ƙararrawar makaranta.