Kwamfuta Ba Ta Jin Niyya, Yatsa Take Ji

Ɗan'uwa mai fataucin shanu ko mai safarar kaya tsakanin Seme da Malanbil, idan ka sauka Zongon Kwatano ka shiga shagon intanet don cike takarda ko biyan kuɗi, akwai abubuwa uku da ya kamata ka sani kafin ka taɓa madannai.

Kowace manhaja zaune take tana jiran saƙo, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Da ka danna harafi, saƙo ya tafi cewa an danna. Da ka ɗaga yatsa, wani saƙon ya tafi cewa an saki. Haka ma idan ka murza ɗan tayan nan da ke bisa linzamin kwamfuta. Manhajar ba ta san abin da ke ranka ba, saƙon da ya iso mata shi take bi.

Na farko, riƙe madanni. Idan ka danne sifili ka ɗan jima ba ka ɗaga ba, kwamfuta za ta ɗauka kana ta maimaitawa ne. Nan take sefa 50,000 ta koma 500,000. To, ka taɓa ka ɗaga, sannan ka ƙirga sifilan da idonka.

Na biyu, tayan linzami. Linzamin kansa wani Ba'amurke ne, Douglas Engelbart, ya nuna shi ga jama'a a 1968, tayan kuwa ya bazu ne bayan Microsoft ta fito da IntelliMouse a 1996. Aikinsa shi ne jan shafi sama ko ƙasa. Amma a wasu shafukan, idan kibiyar tana cikin gurbin da ka rubuta adadi, murzawar adadin take canjawa, ba shafin ba. Kai kana ganin sauka kake yi ƙasa, ashe lambar ce ke raguwa ko ƙaruwa. Maganinsa: in ka gama rubuta adadi, danna wani fili a gefe tukuna, sannan ka murza.

Na uku, jerin haruffa. A Najeriya an saba da allon da ya fara da QWERTY. A Benin da Nijar kuwa na Faransa ne ya fi yawa, mai farawa da AZERTY. A kansa A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai ka haɗa da madannin Maj. Shi ya sa lambar sirri take ƙin shiga alhali daidai kake tuna ta, tunda ɗigo-ɗigo kawai kake gani. In ka yi ta gwadawa, ana iya rufe maka asusu. Gara ka yi amfani da lambobin gefen dama, bayan ka tabbata Verr Num a kunne yake.

Ƙari a nan: a lissafin Faransanci waƙafi alamar gutsure ce, don haka 50,000 na iya zama 50 kacal. Rubuta 50000 a haɗe.

Ko yaron shago ne yake buga maka, kada ka ji nauyi. Ka ce ya dakata, ya karanto maka suna da adadi da lambar waya, kafin ya danna Entrée sau ɗaya tak.