Tallar kaya ake yi, ko tallar mace?

MAI karatu, ɗauko duk wata mujallar ado ta Turawa ka buɗe shafin talla. Za ka ga mace sanye da sarƙar gwal ko takalmi mai tsini, ta karkace wuya, baki a ɗan buɗe, ido a lumshe kamar mai jin barci. Wani lokacin ma a kwance za ka gan ta a ƙasa, jakar da ake tallar na gefen ta. Ido ya saba da irin wannan hoton har ba mu tambayar dalili. To amma akwai wasu masu fasaha da su ka tsaya su ka yi tambayar, kuma abin da su ka gano ya shafi duk wani mai sha'awar harkar fim.

Ɗaya daga cikin su ita ce Yolanda Domínguez, 'yar ƙasar Sipaniya. A cikin 2011 ta shirya wani ɗan gajeren bidiyo mai suna "Poses" a birnin Madrid. Ta samo mata gama-gari, ba 'yan talla ba, sanye da kayan su na yau da kullum, ta ce kowacce ta je cikin jama'a ta kwaikwayi tsayuwa ko kwanciyar da ake gani a hoton mujalla, ta daskare a haka. Kyamara kuma na gefe ta na ɗauka. Me ya faru? Masu wucewa su ka riƙa tsayawa su na kallon ikon Allah, wasu har su na matsowa don su ga ko lafiya. Wato abin da ake kira gayu a kan takarda, da aka fito da shi titi sai ya koma kamar ciwo.

A cikin 2015 ta sake yin wani, "Niños vs Moda", ma'ana yara da ado. A nan yara 'yan shekara 8 ta zaunar, ta nuna masu hotunan tallar manyan kamfanonin sutura, ta ce su faɗi abin da su ka gani. Da yake yaro bai san kara ba, sai su ka riƙa cewa matan kamar marasa lafiya ne, ko masu jin yunwa, ko waɗanda su ka bugu, wasu ma kamar gawa. Mazan da ke cikin tallar kuwa sai su ka kira su jarumai da shugabannin ofis. Wannan aikin ya ci kyauta a ɓangaren ado a gasar Gidan Tarihin Zane na Landan ta 2016.

A Amurka kuma akwai Hank Willis Thomas, wani baƙar fata mai aiki da hoto. Shi dabarar sa daban ce. Ya tattara tallace-tallace guda 101, ɗaya daga kowace shekara tun daga 1915 har zuwa 2015, ya goge duk wani rubutu da tambarin kamfani, ya bar hoton zalla. Ya baje kolin su a birnin New York a 2015 da sunan "Unbranded: A Century of White Women". Da rubutun ya ɓace, a hotuna da dama mai kallo ba ya iya gane abin da ake sayarwa. Mace kawai ya ke gani: a farkon ƙarnin uwargida ce a kicin, daga baya kuma sutura ta na raguwa, jikin ta ya zama shi ne hajar.

Ina ruwan ɗan kallo da wannan? Ai talla da fim Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dubi labarin lu'ulu'u. A 1947 ne wata ma'aikaciyar kamfanin talla na N.W. Ayer mai suna Frances Gerety ta rubuta wa kamfanin De Beers taken nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Kamfanin tallar ya riƙa ba taurarin Hollywood aron lu'ulu'u su sa a wajen bukukuwa don a ɗauke su hoto. A hankali samarin Amurka su ka yarda cewa neman aure bai cika ba sai da zoben lu'ulu'u. A 1953 sai ga Marilyn Monroe a fim ɗin "Gentlemen Prefer Blondes" ta na waƙar yabon wannan dutse. Abin mamaki, ita Gerety ɗin har ta rasu ba ta taɓa yin aure ba!

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. A zamanin kaset, fuskar jaruma a kan fosta ita ke sayar da fim a kasuwar Ƙofar Wambai, kuma ɗinkin da ta sa a waƙa kafin sati ya zagayo an kai wa tela. Yau kuma a Instagram da TikTok 'yan wasan mu mata ke tallar leshi, atamfa, sarƙoƙi da man shafawa. Sana'a ce, kuma babu laifi mutum ya ci guminsa. Sai dai yarinyar da ke kallo a waya ba ta ganin fitilar da aka haska, ko kwalliyar da aka ɓata lokaci ana yi, ko gyaran da aka yi wa hoton a kwamfuta. Ita dai ta ga fata fara sol, sai ta dubi madubi ta raina kan ta. Daga nan ne wasu ke faɗawa shafe-shafen bilicin, wasu kuma su ɗora wa saurayi lefen da ya fi ƙarfin sa.

Saboda haka ga ɗan gwaji, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. In ka ga talla, sa hannu ka rufe rubutun kamar yadda Thomas ya yi, sannan ka kira ƙanen ka ko ƙanwar ka ka tambaye su me matar nan ta ke yi. Amsar da za su ba ka za ta iya ba ka dariya, amma ka saurare ta da kyau. Su kuma jaruman mu, kafin a danna kyamara ya kamata kowacce ta tambayi mai hoton: kayan za a nuna, ko ni?