Injin 1NZ-FE Na Toyota: Abin Da Yake Bukata

Injin 1NZ-FE, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1999, shi ne a cikin wasu Yaris da wasu ƙananan Corolla. Silinda huɗu gare shi, bawul 16, girmansa lita 1.5. Sarƙa ce ke daidaita tafiyarsa, ba bel ba, don haka babu zancen canjin bel ɗin taimin.

Amma sarƙar nan da baƙin mai take rayuwa. Idan man ya daɗe ya yi kauri kamar kwalta, da sassafe za ka ji ƙara kwas-kwas daga gaban injin, ita ce sarƙar ke kuka. Lita huɗu ba ta cika ba yake sha, ai bai kamata a yi masa rowa ba. A lokacin hunturu kuwa, ciro matatar iska ka buga ta a tafin hannu, ka ga ƙurar da ke toshe masa numfashi.

Idan mota na karkarwa a tsaye, a duba filogi da kwil, kowace silinda da nata. Abin da ke ci mini rai shi ne cire tamostat da wasu makanikai ke yi da sunan maganin zafi. Injin sai ya daɗe bai ɗumama ba, fetur ya riƙa tafiya a banza.